'Yar Inno a Bakin Tsutsa

Shagari, cikin Shawwal, 1379

Da sunan Allah. Daga Safinatu ɗiyar Malam Sani, zuwa ga taubashina Malam Abdulƙadir, malamin gona a Bodinga.

Bayan sallama, ina gaishe ka da aiki, ina gaida Talatu da yara. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da bai rabu da ni ba tun rasuwar maigidana. Bawa ƙanenshi, wanda ke noma mani fadama yanzu, shi da matarshi Kaltume suna gaishe ka.

Mainasara mai albasa ya iso mani da saƙonka na baka, wai kana son irin jar shinkafarmu, 'yar Inno. Nic ce mashi ba ni amsa zancen iri da baka. Gara in rubuta, kai ma ka rubuto.

Ka san bara tsutsar kara ta shiga fadamarmu. Shinkafa ta fidda kai, kai ya yi fari fat, ka murza ba ƙwaya ciki. 'Yar Inno ta ɗan jure fiye da ta maƙwabta, wanga gaskiya na, ko da yake ban san wa yak kai maka labari ba. Abin da yar rage bayan ci, tulu guda na, na zuba toka na liƙe bakin da laka. Na tambaya gidajen dangi. Na Sifawa sun bar ta sun koma fara, na Dingyadi sun cinye tasu da yunwar bazara. Ke nan in dai 'yar Inno ta, duk duniya sai wadda ke ƙarƙashin gadona.

Akwai abin da nike son tambayarka, kuma ka yi mani haƙuri. An ga mutanenka nan fadamar Shagari suna tonon tushiyar shinkafa suna cika buhuna. Kowa ya san cikin tushiya tsutsa ke kwana har ruwa ya sauko, shi ya sa ake ƙone ta. Bawa ya ce kiwon tsutsa kuke yi, don ta cinye tamu mu koma roƙon irin gwamnati. Ban gaskata ba, ban kuma ƙaryata ba, don ban sani ba. Mi kuke yi da tushiya? Mi kuma za ka yi da irin kakata Inno?

Allah shi bar zumunci. Wassalam.

Bodinga, ƙarshen Shawwal

Zuwa ga Adda Safinatu, malamar mata, mai tsaron tulu.

Na sami takardarki, na ji daɗin ganin hannunki. Mu ma lafiya. Talatu ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Ki gaya wa Bawa rabin maganarsa gaskiya ce. Tsutsa muke tarawa, ba na ɓoyewa. Ga yadda aikin yake. Muna da fili a bakin tafki, nesa da gonakin mutane. Mukan shuka shinkafa iri-iri a jere, kowace da layinta da turkenta: ta ƙasar Nufe, ta ƙetare, da tamu ta gida. Ba ma sa musu magani. Sai mu zagaye su da tushiyar nan. Ruwa na sauka, tsutsar ta zama ɗan farin ƙwaro mai tashi, ya bi layukan yana yin ƙwai, kowace ta sami rabonta. In kaka ta yi, mu tsaga karan mu duba wadda aka ci da wadda aka bari. Wadda aka bari ita muke nema. Akan kai ta babbar gonar gwaji, a ɗauki garin furenta a sa wa fara mai yawan ƙwaya, a sami 'ya mai halin uwa da na uba. In ba mu kawo tsutsa da kanmu ba, wadda ta tsira ba mu san ko juriya ce ko sa'a ba.

Wanda ya kawo mini labarin 'yar Inno, idona ne. Na ratsa fadamarku bara kina takaba, na ga gonarki tsaye a tsakiyar fararen kawuna.

Rabin tulun nake so. Kuma kada ki manta, Inno kakarki yayar kakana ce. Ke jikar mace, ni jikan namiji, saboda haka ke da tulunki duka nawa ne. Roƙon da nake yi alfarma ce kawai.

Naki, Abdulƙadir.

Shagari, cikin Zulƙida

Zuwa ga Malam Abdulƙadir. Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, na gode Talatu zan ce, sai nit tuna kai nike wa rubutu. Ka gode mata.

Layinka na ƙarshe ya hana ni sakewa. Na san wasan taubasai, amma in da baki anka yi shi ana ganin haƙoran mai yi, takarda kau ba ta da haƙora. In da gaske kana ganin kana da hakki cikin abin da Inno tab bari, ka faɗa fili, ba ni son in ci abin wani ko ƙwaya guda. Sai dai ka sani iri bai taɓa shiga rabon gado ba gidanmu. Hannun mata shike bi, uwa ta ba ɗiya. Fadamar kuma ta maigidana ce, ba ta Inno ba, in ita kake hange.

Abu na biyu, zuciyata ba ta kwanta da a ɗauki abinci a miƙa ma tsutsa da gangan ba. Na tambayi Liman ba tare da na ambaci sunanka ba. Ya ce in don a tsirar da abincin jama'a na, ba ɓarna ba ta. Na karɓi fatawarshi. Auren shinkafa da kac ce ana ɗaurawa, wanga ban tambaye shi ba, na ji kunya.

Na fasa tulu na raba biyu. Rabi Bawa za ya watsa mani da ruwan farko. Rabi naka na. Ban gaya ma Bawa ba, don da ya ji da sai unguwa duk ta ji. Gobe za ni Dingyadi gaisuwar rasuwa, zan bar ƙunshin hannun Kaltume ta ba Mainasara ran kasuwa. Na ce mata tsaraba ta.

Amana na ba ka. Wassalam.

Bodinga, farkon Muharram, 1380

Adda Safinatu, gaisuwa. Muna lafiya.

Maganar gado wasa ce, ban taɓa hangen fadamarki ba. Wannan da zan rubuta yanzu ba wasa ba ce.

Na shuka irinki a layi biyu mafi kyau. Na Nufe ya tsiro, na ƙetare ya tsiro, kowane layi ya yi kore. Naki ko tsinke. Na jira, na tona, na tarar ƙwayar ta ruɓe a ƙasa. Na kai ragowar gida ina jujjuyawa, Talatu ta ɗauki ɗaya ta ɓare ta ciza, ta ce, "Malam, ai wannan an turara ta. Dafaffiya ka shuka?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Babbanmu ya zo zagaye ya tsaya a kan layukan nan biyu, ya tambaye ni ina shinkafar da na cika masa kunne da ita.

Da kin ce ba za ki bayar ba, da na haƙura. Amma ki kira abu amana, ki sa shi a tukunya, ki shafa masa toka ya yi kama da iri! Ban zaci haka daga gare ki ba.

Abdulƙadir.

Shagari, cikin Muharram

Malam Abdulƙadir, sallama. Lafiya muke.

Na karanta takardarka har nig gaji da karantawa. Da hannuna nif fasa tulu, da hannuna niƙ ƙulle ƙunshin. 'Yar uwarta da Bawa yaw watsa ga ta nan ta tsiro, kore shar, duk mai wucewa shina gani. Tulu guda ba ya fidda rayayya da matacciya.

To sai in tambaye ka, a hankali. Ka tabbata tawa ce kas shuka? Ko kau tawa ta riga ta kama hanyar babbar gonarku, anka liƙa mata lamba, kai kuma kana neman hanyar samun ragowar? Ban ce haka kay yi ba. Ina faɗa maka abin da yaz zo mani ga rai na, don ka ce mani ka fi son a faɗa fili. In na zalunce ka, Allah shi gafarta mani.

Mainasara bai tashi ba sai jibi, don haka takardar ga ta kwana hannuna, ga kuma abin da yab biyo baya. Ban goge na sama ba, don ka ga abin da nit tuhume ka da shi.

Na iske Kaltume tana surfe, nic ce, "Kaltume, ƙunshin da nib bar maki, yadda nib ba ki kib ba Mainasara?"

Tac ce, "Haba Yaya, in kunyata ki? Wa ke aika ma ma'aikacin gwamnati ɗanyar shanshera da ɓawonta, sai ka ce abincin kaji? Na jiƙa ta, na turara, na shanya. Da mai albasa bai yi hanzari ba da har surfenta na yi."

Nic ce, "To tokar fa?"

Tac ce, "Na maida mata tokarta don ƙwari."

Na zauna bisa turmi. Ka san al'adarmu, ba a kai ma na birni shinkafa sai an gyara ta, kuma ni nic ce mata tsaraba ta. Sai dai ban san mai maida toka ga shinkafar ci ba. Kuma da nike tambayarta, Bawa shina bakin zaure shina gyaran kalmen noma, bai ɗaga kai ba, bai kuma tambayi mi ya faru ba. Ko kirki ta yi mani, ko sun gane sunka yi shiru sunka gama da ita, Allah kaɗai ya sani. Ba ni rantsar da matar ƙanen miji kan shinkafa.

Rabin 'yar Inno ya mutu cikin tukunyar gidana, ba hannunka ba. Ka yafe mani.

Na shiga gona da kaina, na ciro dashe daga gefen gabas, na naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu. Wanga karon ido da ido nib ba Mainasara, gaban Bawa. Bawa ya ce in tsutsar Bodinga ta biyo sawu ta zo Shagari, in san abin da zan gaya ma mutane. Ka dasa shi ranar da ya iso.

Bodinga, farkon Safar

Adda, gaisuwa da ban haƙuri.

Ni ma ki yafe mini, na yi miki rubutu cikin fushi. Dashe ya iso da rai, na dasa shi da yammacin ranar, ya cika layukan nan biyu. Ya kwanta kwana kaɗan, yanzu ya miƙe. An zagaye shi da tushiya kamar sauran.

Ki gaya wa Bawa ƙwaron nan ba ya tafiyar da ta kai Shagari, kuma wanda ke cikin buhunanmu daga gonarsa aka tono shi. Ki gaida Kaltume, ki ce Talatu ta dafa ragowar, ta yi daɗi.

Naki, Abdulƙadir.

Shagari, cikin Rabi'ul Awwal

Zuwa ga taubashina. Sallama. Rayuka lafiya, alhamdu lillahi, amma ba mu da labari mai daɗi.

Gulbi ya kawo ruwa irin wanda ban gani ba tun ina amarya. Ka san 'yar Inno takan bi ruwa tana tsawo in ya taso sannu. Wanga bai taso sannu ba. Mun wayi gari fadama ta zama fari guda, ko kan ciyawa ba a gani. Mun jira ya janye, bai janye ba. Da Bawa yas shiga da kwalekwale yaj jawo wani tushe, ya narke hannunshi shina wari. Ba tamu kaɗai ba, duk na ƙasa-ƙasa sun tafi. Gero na tudu ya yi kyau, ba mu kwana da yunwa in Allah ya so.

Ka gane abin da nike nufi. Tulu babu kome. Gona babu kome. 'Yar Inno da tar rage ita ce wadda ke layukanka biyu, wadda kaz zagaye da tsutsa.

Ina roƙonka don Allah ka kwashe tushiyar nan daga gefenta. In kuna da magani ka sa mata. Na san ka ce in an kare ta ba a gane juriya da sa'a. Lokacin da nay yarda, ina da wata a gida. Yanzu ba gwaji kake yi da irin kakata ba, da ƙarshenta kake yi. Ka bar ta ta yi ƙwaya bana, badi ka gwada yadda kake so.

Hanya ta yanke wajen gada, Mainasara ya ce ta tudu za ya zagaya da jaki. Ka ba shi amsa ya komo da ita.

Shagari, cikin Rabi'us Sani

Malam Abdulƙadir, sallama. Da fatan lafiya ce ta sa shiru.

Mainasara ya ce bai iske ka ba, ya bar takarda ofis hannun wani mai gajeren wando. Tun ran nan nike sauraro. An yi bikin mulkin kai, 'yan makaranta sun yi ta yawo da tuta, an raba masu shinkafa da nama. Na yi ma ƙasa addu'a, amma ina kallon shinkafar cikin kwanoninsu hankalina na Bodinga.

Wani ɗan kasuwa da yab biyo ta bakin tafkinku ya ce ma Bawa ya ga layuka sun yi fari kamar an shanya auduga. Bawa ya shigo har tsakar gida ya faɗa mani, Kaltume tac ce, "Allah sarki."

Ga abin da nike tunani, ka gyara mani in kuskure na. Ka karanta takardata, ka ga in ka bi maganata aikinka na shekara ya ɓaci gaban babbanku, sai kaz zaɓi shiru har kaka ta yi, sannan ka ce ba ta iso ba. In haka na, na fi son ka ce mani a'a. A'a zan iya ɗauka.

In ta mutu ma ka faɗa mani.

Bodinga, cikin Jimada Awwal

Adda Safinatu, gaisuwa, da jaje kan ruwa. Allah ya mayar da alheri.

Ba ta mutu ba. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

An ɗauke mu duka zuwa Sakkwato mu shirya rumfar nunin amfanin gona don bikin. Takardarki ta farko ta kwanta a ofis, sai da na dawo na gan ta, ta biyu kuma ta same ni ina cikin laka. In kina shakka ki tambayi Mainasara ko ya gan ni a Bodinga a watan nan. Na san za ki tambaya.

Gaskiya ita ce da na karanta ban tashi nan take ba. Na yi yini guda ina zagaya layukan. Magani ba mu da shi a nan, da gangan ba a kawo mana. Kuma in na kwashe tushiya daga gefenta, na ɓata gwajin maƙwabtanta. Abin da na yi shi ne, na cire layi ɗaya daga lissafin gwaji. Na bi shi kara-kara na yanke duk mai huji. Na kwance gidan sauron Talatu da na yara, na kafa sanduna na rufe shi, don kada ƙwaro ya sake sauka. Talatu ta ce ta taɓa jin an yi wa mace kishiya da mota, ba ta taɓa jin an kwashe mata gidan sauro an kai wa shinkafa ba. Babbanmu ya gani, ya yi faɗa, na gaya masa dalili, ya ce in rubuta cewa layi ɗaya ne aka gwada. Na rubuta.

Layi na biyu na bar shi ga tsutsa. Ban bi maganarki duka ba, kuma ba zan ce na bi ba.

Farin da ɗan kasuwa ya gani gaskiya ne. Ta ƙetare ta ƙare kakaf, ta Nufe saura kaɗan. 'Yar Inno ma an ci ta, ba kamar yadda na cika baki ba. Fiye da rabin layin ya yi fari. Amma akwai tushe-tushe da tsutsa ta huda ta kasa shiga, karansu tauri kamar tsinken tsintsiya. Su na yanka daban.

Ga abin da ke hannuna. Ta gidan sauro ta cika ƙwarya babba, ƙwaya cike, ja wur. Ta filin tsutsa ɗan dami ne, bai fi a riƙe da hannu ɗaya ba, ƙwayar ma ƙanana. Shawarata, ki karɓi ƙwaryar duka ki mayar tulu, ni in aika da ɗan damin babbar gona. Ban aika ba tukuna. Babbanmu yana tambaya, na ce mai shi ba ta yi magana ba.

Naki, Abdulƙadir.

Shagari, ƙarshen Jimada Awwal

Da sunan Allah. Zuwa ga taubashina Malam Abdulƙadir.

Sallama da godiya. Mu lafiya. Na yi sujada da nik kai inda kac ce ba ta mutu ba, sannan nit tashi nik ƙarasa. Na tambayi Mainasara, ya ce lalle ba ka gari. Ka yafe mani wanga ma. Ka ce ma Talatu ina da gidan sauron maigidana a ninke, yana nan tafe gare ta, kada ta ƙi.

Ban ji daɗin layin da kab bar ma tsutsa ba. Da ta cinye shi duka da ban san abin da zan ce maka ba. Amma ka faɗa da bakinka, ba a bakin ɗan kasuwa nij ji ba, wanga ya ishe ni.

Shawararka ce nit tsaya a kai. Ka ba ni babbar ƙwarya mai kyan gani, kai ka riƙe ɗan dami mai ƙananan ƙwaya. Da farko nic ce kai, yaron ga ya yi kirki. Ina cikin alwala sai nit tuna abin da kar rubuto mani da kanka, cewa wadda anka kare ba a san halinta ba. Ta gidan sauro ba a bar ta da tsutsa har ƙarshe ba. Cikinta akwai mai tauri, akwai irin waɗanda sunka yi fari, duk a haɗe. Ɗan damin nan kau duk cikinshi an gwada shi. Ke nan mai yawa kab ba ni, mai kyau kar riƙe. Ban ce wayo kay yi mani ba. Wataƙila tausayin tuluna kaj ji. Amma tsutsa za ta komo Shagari badi, ba babbar gonarku kaɗai ba.

Ga maganar mai shi, ka kai ma babbanku. A raba ƙwarya biyu, a raba dami biyu. Rabin kowane nawa, rabin kowane naku. Na ƙwarya da kur riƙe kada ku kai shi ko'ina, ka aje shi Bodinga gidanka, don na ga abin da ke faruwa in iri na wuri guda. Na dami ku ɗaura mashi auren da kuke so. Rabona na dami zan sa Bawa ya watsa shi can gefen tudu, shi kaɗai, inda nike iya hange daga bakin masussuka.

Kada ka sussuke damin kafin rabo. Ka zo da shi da karanshi ran kasuwar Shagari, mu shimfiɗa tabarma zaure, gaban Bawa. Kai ka raba, ni in zaɓa.

Wassalam. Safinatu.